Ranar da Ruwan Dam Ya Ƙi Yin Ja

Ku da kuke cika min benci nan Moshi Zongo duk Juma'a bayan an sauko, kuna shan fura kuna kirana Baba Taɓo, na ji abin da kuka faɗa wancan makon da na shiga gida ɗauko ludayi. Kunnena bai tsufa kamar gwiwata ba. Kun ce wai aikina wasan yara ne: a shiga ruwa, a ɗebo laka, a zuba a kwalba, a sa farar riga a ce an yi ilimi. Har wani cikinku ya ce ƙanwarsa kullum tana yin irin aikin nan a bayan gida, kuma duka ake saka mata da shi. Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, don maganar ta yi daɗi. To ku gyara zama. Zan ba ku labarin ranar da zaman wani mutum, da iyalinsa, da shanunsa, duk ya rataya a kan ruwan da bai cika kofin shayi biyu ba, wanda ni na tatso daga cikin laka. Amma sai kun fara jin yadda ɗan maƙera ya koma mai taɓo.

Ubana maƙeri ne a unguwar nan, ni ne mai yi masa zuga. Ban son zafi, shi kuma bai son ƙiwuya, don haka ba mu daɗe muna shiri ba. Na bi motar doya na gangara kudu, na yi dako har na kai bakin teku. Wata safiya wata mata mai dogon takalmin roba ta tsaya inda muke zaune, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta nuna ni saboda na fi kowa tsawon ƙafa. Dokta ake ce mata, malamar jami'a ce, kuma har na bar wurinta ban taɓa kiranta da wani suna ba. Kafin in taɓa kayanta ta sa na cire zobe, da agogo, da bel saboda kansa na ƙarfe ne, da 'yar wuƙar da ke aljihuna.

Na ce, "Dokta, aiki ne ko fashi?"

Ta ce, "Aiki ne. Ƙarfe za mu je nema."

Na ce, "To ai ga shi kin tuɓe min."

Ta yi dariya ta ce wanda muke nema ba a ganinsa, kuma ƙanƙantarsa ta kai in tsatsar zobena ta faɗa cikin kwalba, sai ta rufe shi. A raina na ce kudu ta haukata mutanenta, amma tunda akwai abinci, na bi ta.

Wurin aikinmu wani tafkin gishiri ne a bayan rairayin teku, inda kogi ke shigowa ta nan, teku na shigowa ta can. In ka yanka lakarsa za ka ga samanta ja-ja ne, siriri kamar ɓawon goro, ƙasan kuma toka-toka, can ciki baƙi wuluk mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Dokta ta ce jan nan tsatsa ce. A ƙasansa iska ba ta kaiwa, kuma akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu cin ruɓaɓɓen ganye. Da suka rasa iskar shaƙa, sai su koma tsotsar wadda ke jikin tsatsa. In sun tsotse, ƙarfen ya narke cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin laka, yadda gishiri ke ɓacewa a miya. Daga nan sai ya riƙa hawowa a hankali. Da ya iso sama ya gamu da iska, ya sake zama tsatsa, ya kwanta, kaguwa da tsutsa su sake binne shi, a koma farko. Ɗan abin da ya tsere ya bi ruwa zuwa teku, shi ne takin koren abin da ƙananan kifaye ke ci. Aikinmu shi ne mu auna nawa ke fita, nawa ke komawa, da rani da damina.

Aikin farko da aka ba ni shi ne kafa bututu. Na roba ne, garai-garai, tsawon hannu. Za ka tsaya cikin ruwa har ƙugu, ka daina motsi har lakar da ƙafarka ta tayar ta kwanta, sannan ka danna shi a miƙe, sannu, ka toshe samansa, ka cusa hannu ƙarƙashin laka ka toshe gindin kafin ka ɗago. Sai ka ɗauke shi a tsaye kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono a cike. In ruwan da ke saman lakar ya gurɓace, an yi asara, zubarwa za a yi a sake. Na farko da na ɗebo, na ɗaga shi sama ina girgizawa don Dokta ta ga ƙoƙarina daga cikin kwalekwale. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in ajiye shi in kai wa mai ginin tukwane.

Jikin bututun akwai ƙananan huji a jere, an liƙe su. Sai ka buɗe ɗaya, ka soka wani farin tsinke mai tsotsar ruwa, ka haɗa shi da sirinji, ka ja, ka jira. Ruwan yana zuwa ɗigo-ɗigo, fari tas, alhali daga baƙar laka ya fito. Babban abokin gabarmu iska ce. Da ta taɓa ruwan nan ƙarfen zai fara komawa tsatsa, lissafi ya lalace. Saboda haka kowace kwalba da ɗigon asid a cikinta, shi ke riƙe ƙarfen a narke har a kai ɗakin awo. In yanka lakar za a yi, sai a cikin wata babbar jakar leda mai hannun riga biyu, wadda aka kori iskar ciki aka hura mata wata daga tukunyar gas. Ka zura hannu kana yanka da cokalin roba, gumi na shiga maka ido, sauro na cin wuyanka, ba halin ka fitar da hannu ka mare shi. A ɗakin awo kuma akwai wani magani, in ka ɗiga shi a ruwa mai ƙarfe sai ruwan ya koma shunayya, wata na'ura ta haska shi ta faɗi kaurin launin. Sannan kullum muna tafe da kwalbar da nake kira kwalbar shaida. Tsarkakakken ruwa ne a ciki, tana zuwa duk inda sauran suka je. In ita ma ta yi shunayya, to hannunka ne da datti, kada ka ɗora wa laka.

Mugunyar shekararmu, alheri ne ya jawo ta. Mai tuƙa mana kwalekwale wani dattijon masunci ne da muke kira Efo, wato yaya da harshensu, mutum mai kunya da cika alkawari. Dokta ta ce masa dole kowane wata mu koma daidai wuri ɗaya a tsakiyar tafkin. Mukan kafa sanda, masu neman itacen girki su tuge. Can sai Efo ya daina ɓata, kullum ya kai mu kan wata jarka mai yawo a saman ruwa ya ce nan ne. Daga lokacin ƙarfen wurin ya fara hawa. Da farko Dokta murna ta yi, ta ɗauka ta gano abin da ba wanda ya taɓa ganowa. Da abin ya yi yawa sai ta fara shakka. Kwalbar shaida ba ta nuna komai ba, amma duk da haka na wanke kwalabe har fatar yatsuna ta saɓule. Aka kai na'ura gyara, aka sayo sabon magani. Ranar nan ruwa ya janye sosai, na shiga kafa bututu, babban yatsana ya daki wani abu da ya sa na ambaci sunan uwata. Muka ja igiyar jarkar, sai ga tsohon diram ɗin birkin babbar mota, ya yi jawur, tsatsa na zuba daga jikinsa. Efo ya gyara tsayuwa ya ce shi ya saya da kansa ya nutsar, don kada mu ƙara ɓata wuri, bai faɗa ba ne saboda ba a yin alheri ana shela. Dokta ta zauna a gefen kwalekwale ta yi dariya har da hawaye, kuma ban rantse duk hawayen na dariya ba ne. Aikin shekara guda na wurin nan haka aka zubar. Tun daga ranar ba ta ƙara yarda da awon wuri ɗaya ba, kuma ni ma na ɗauki ɗabi'ar: in za ka ɗora wa wani abu laifi, ɗebo daga gefensa, ka ɗebo daga inda bai taɓa zuwa ba, ka kwatanta.

Da tsufa ya kama ubana na dawo Tamale, na samu aiki a wani ɗakin awon ruwa. Ubana ya ce in nuna masa ƙarfen da na yi shekaru ina nema. Na miƙa masa kwalba. Ya ɗaga ta a rana, ya juya, ya ce, "Madalla. Ƙera min lauje da shi." Har ya koma ga Allah bai daina tsokanata da laujen nan ba. A nan ba teku, amma akwai laka, kuma jar ƙasarmu ƙarfe ce zalla. Masu haƙa borhol sukan zo, da masu ɗaura piya wata, da matan da fararen kayansu suka koma kalar ƙasa, da wata mai tuwo a Nyanshegu da ta rantse maƙiya ne ke baƙanta mata shayi da dafaffiyar ayaba. Kowa da wanda yake zargi kafin ya iso wurina. Ruwa ba ya tsami banza, wannan gaskiya ne, sai dai sau da yawa ba wanda ake nunawa da yatsa ne ya tsamar da shi ba.

Akwai wata Bafulatana, Inna Dija, da ke kawo nono unguwar nan tun matata na amarya. Mijinta Ardo Sambo yana zaune da shanunsa a gefen wani ƙauyen Dagomba a bayan gari, kusa da dam ɗin da ƙauyen ke sha. Wata rana a ƙarshen rani, lokacin da zafi ke hana kaza fita, ta sauke ƙwarya a ƙofata ba ta buɗe ba.

Ta ce, "Malam Sumaila, sarki ya ce mu tashi."

Na ce, "Subhanallahi. Shanu sun shiga gona?"

"Ba gona. Ruwa ne. Mata su ɗebo ruwa fari, su zuba a randa, da safe ya zama ja. Sun ce shanunmu ne, fitsari da kashi. Wasu ma sun ce mun binne abu. Sarki ya ce kafin kasuwa ta zagayo zai yanke magana. Ardo ya tsufa, Malam. 'Ya'yanmu nan aka haife su, uwar Ardo nan aka binne ta. Ina za mu kora shanu a ranin nan?"

Ban yi mata alkawari ba. Na ce zan je in ɗebo, abin da laka ta faɗa shi zan faɗa, ko ya yi mata daɗi ko bai yi ba. Ta ce ta yarda.

Sai da na fara zuwa na gai da sarkin ƙauyen da goro, na roƙi izini. Ya haɗa ni da Wulana, wato dattijon da ke magana da yawunsa, ya ce duk inda na taka ya taka. Wulana dogo ne, mai babbar riga saƙi, ba ya dariya da baƙo. Hausarsa ta kasuwa ce, amma tana isar da saƙo.

Ya ce, "Mata na ya wanke farin riga, riga ya zama ja. Kafin Fulani ya zo wannan gefe, ba haka ba."

Washegari da sassafe muka je dam. Ruwa ya ja baya sosai, ganyen da iska ta kwaso duk ya ruɓe a ciki. Na kafa bututu a mashayar shanu, inda kofato ya dame wurin. Sannan na zagaya can ɗaya gefen, wajen bangon dam, inda ya fi zurfi, inda mata ke ɗiba, shanu kuma ba su taɓa zuwa ba saboda an kewaye da ƙaya. Na shiga har ƙirji. Muka zauna a inuwar wata darbejiya na soka tsinkayena, ruwa na taruwa a sirinji ɗigo-ɗigo, Wulana na kallon hannuna kamar mai tsaron ɓarawo. Don in burge shi na ɗiba kaɗan daga kowanne na ɗiga maganin nan. Nan take duka biyun suka koma shunayya, na gefen mata ma ya fi kauri. Na ɗago kai ina jiran yabo.

Ya ce, "Ka sa magani."

Na ce, "Ai maganin nuna ƙarfe yake yi."

"Magani ne. Ni ma in na sa shuni a ruwa, zai canza. Gaban sarki ba magani kraa, ko ɗigo. Ruwa kawai, cikin kofin sarki."

Na ji haushi, amma da na auna sai na ga gaskiyarsa. Me zai sa ya yarda da kwalbar baƙon da Bafulatana ta kawo? Na ce to, ba magani, ba asid, iska kaɗai za ta yi aikin. Na cika manyan sirinji na toshe bakinsu. Wulana ya ɗaura ciyawa a jikin na gefen shanu, ya zuba su duka a aljihun rigarsa, ya ce shi zai riƙe.

Da hantsi muka isa fada. Zaure ne zagayayye, sarki na zaune a kan fatu, dattawa a gefe, samari sun cika ƙofa. Ardo Sambo na can wajen bango, ya cire malafa ya ɗora a gwiwa, sandarsa a kwance a ƙasa. Muka cire takalma, muka tsuguna, aka yi ta gaisuwa ana amsa "Naa, naa." Ni da na saba da aikin da ruwan teku ke kora, doguwar gaisuwa takan ci min rai, ranar ma ji nake kamar in ce a taƙaita. Aka aika cikin gida uwargidan sarki ta ba da fararen kofunanta. Wulana ya matse ruwan gefen shanu a ɗaya, ya ajiye ciyawar kusa da shi, ya matse na gefen mata a ɗayan. Na tashi na yi bayani da ƙarfin gwiwa. Na ce ƙarfe ne ke fitowa daga lakar dam in zafi ya yi yawa iska ta ƙare a ƙasa, kuma yanzu kowa zai ga ruwan nan ya yi ja da kansa.

Kowa ya leƙa. Ruwa fari tas. Aka jira. Fari tas.

Wani saurayi a bakin ƙofa ya ce wani abu da Dagbanci, aka kwashe da dariya. Wulana ya fassara min ba tare da na roƙa ba: "Ya ce wannan ruwa ya fi na borhol kyau, a ba shi ya sha."

A nan ne na gane kuskurena. Shekara da shekaru ina wannan aiki, duk hikimata ta hana iska taɓa ruwa ce. Na san in ta taɓa shi zai yi ja, na sha ganin kwalbar da aka manta a buɗe ta wayi gari da tsatsa. Amma ban taɓa zama na zuba wa kofi ido in ga tsawon lokacin da abin ke ɗauka ba, don a wurinmu wannan ɓarna ce, ba a tsayawa kallonta. Na saci kallon Ardo. Bai dube ni ba, yatsunsa kawai ke zagaya bakin malafa. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga na zo taimako zan ƙara masa nauyi.

Abin da ya rage min shi ne al'adarsu. Sarkin Dagomba ba ya yanke magana sai an fasa goro, dattawa sun faɗi albarkacin bakinsu ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarami zuwa babba, kuma ba a katse dattijo. Sai dai ranar bakinsu ɗaya ne, kowa jimla biyu yake yi ya zauna. Ana cikin haka na tuna maƙerar ubana. Ƙarfe ba ya ja don an ajiye shi kusa da wuta, sai an zuga masa iska. Na tsuguna na roƙi a ƙaro kofi biyu, na ce tunda ba a yarda da hannuna ba, Wulana da kansa ya riƙa juya kowane ruwa daga kofi zuwa kofi, daga sama, yadda mai shayi ke yi. Ya harare ni. Sarki ya gyaɗa kai. Haka dattijon nan mai babbar riga ya zauna yana shiƙar ruwa a gaban jama'a, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa.

Magana ta iso kan na ƙarshe, Mba Ziblim, wanda ya fi kowa shekaru a ƙauyen. Tun a hanya Wulana ya gargaɗe ni cewa in na gamu da shi kada in tambaye shi komai, ko hanyar masallaci ce, don sai rana ta faɗi. Amma ranar shi ma da alama yunwa yake ji. Ya ce abin da 'yan'uwansa suka faɗa ya isa, ya fara gyara riga zai zauna. Na leƙa kofi. Kamar akwai ɗan rawaya-rawaya, kamar kuma idona ne.

Na matsa gabansa na tsuguna, na sake gaishe shi tun daga farko, na tambayi gida, na tambayi gona, na tambayi ƙafa. Sannan na ce, "Mba, ni baƙo ne, a gafarce ni. Wai shin dam ɗin nan, yaya aka yi aka haƙa shi?"

Wani nishi ya tashi a zauren gaba ɗaya. Wulana ya dube ni, na ga ya gane abin da na yi, amma dole ya fassara. Idon tsoho ya yi haske. Ya miƙe tsaye sosai, ya jingina da sandarsa, ya fara tun daga shekarar da aka yi fari kafin a haifi sarkin da ke zaune. Ya faɗi yadda mata ke tafiya neman ruwa, da sunan jakin da ya mutu a hanya. Ya zo kan motar haƙa, da yadda ta maƙale a rafi, da direbanta wanda ba ya cin komai sai ƙwan zabi, da rigimar da aka yi kan wa zai ba da zabin. Ba kalma ɗaya a ciki da ta shafi jan ruwa. Ni kuwa duk inda ya nemi tsayawa sai in ce, "Ikon Allah, sai kuma aka yi yaya?" Samari suka fara zamewa daga bakin ƙofa. Wani dattijo ya yi gyangyaɗi har hularsa ta faɗi. Hannun Wulana ya gaji, ya ajiye kofunan a gefe, kowa ya manta da su. Ban taɓa son doguwar magana irin ranar ba.

Ana tsakiyar labarin yadda direban ya ga wata yarinya a ƙauyen, sai uwargidan sarki ta leƙo karɓar kofunanta, don lokacin abinci ya yi. Ta sunkuya, ta tsaya, ta ce da ƙarfi, "Wa ya zuba min ruwan randa a kofi?"

Aka taso aka kewaye. Duka biyun sun juya. Ɗaya ruwan goro ne mai haske, ɗayan kuwa ja sosai, har wani gari-gari ya fara kwanciya a gindinsa. Sarki ya sa aka matso da su gabansa, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi wanne ne na gefen shanu. Wulana mutum ne mai gaskiya. Ya ɗaga ciyawar, ya nuna mai hasken, ya ce, "Wannan na shanu. Mai ja sosai, wurin mata ne. Ni na riƙe, ni na zuba, ba magani."

Da na so, da na yi shiru a nan an tashi ana yaba min. Amma na yi wa Inna Dija alkawarin faɗin abin da laka ta faɗa, kuma laka ba ta gama ba. Na ce ƙarfen na ƙasar ne, yana nan tun kafin shanu da mutane, ko an kori kowace saniya ruwan zai yi ja duk ranin da ya yi tsanani. Amma duk abin da ya ruɓe a dam yana ƙara masa ƙarfi: ganye, da ruwan wanke-wanke, da ƙaiƙayin da ake zubarwa a baki, har da kashin shanu. Da na ambaci kashin shanu, Ardo ya ɗago ya yi min wani kallo da har yau nake tunawa.

Sarki ya yi magana ƙasa-ƙasa, Wulana ya ɗaga murya ya maimaita. Ardo Sambo zai zauna inda yake. Shanu za su daina shiga dam, za a yi musu kwami a bayan bango a riƙa ja musu ruwa. Wanki da wanke-wanke su ma a koma da su can. Mata su riƙa shiƙar ruwa kamar yadda aka ga Wulana ya ƙware, su bar shi ya kwana, su tsiyaye na sama. In ruwa ya ƙara ja baya, ƙauye da ruga su fito tare a kwashe laka. Sannan sarki ya juya wajen Mba Ziblim ya ce yau dai maganarsa ta yi amfani. Tsohon ya ce ai bai gama ba, ko auren direban ba a kai ba.

A waje Ardo ya sa malafarsa, ya ɗauki sanda, ya tsaya kusa da ni yana kallon wani wuri daban.

Ya ce, "Kashin shanu ɗin nan, dole ne sai ka faɗa?"

Na ce, "Dole ne, Ardo."

Ya ce, "Hm," ya tafi. Ya yi damina guda in mun gamu a kasuwar shanu gaisuwarsa ba ta wuce ɗaga sanda. Ban ji haushi ba, ni dai farin cikina shi ne ina ganinsa a kasuwar.

Amma Juma'ar da ta biyo baya Inna Dija ta sauke ƙwarya a ƙofar nan ta buɗe, ta ce wannan ba ta sayarwa ba ce. Tun daga ranar ba Juma'ar da ta wuce ba a kawo ba. Yanzu ƙafa ta hana ta zuwa, matar ɗanta ce ke saukowa da ƙwaryar daga yelo-yelo, keken nan mai ƙafa uku, kun sha ganinta. Nonon da ke cikin furar da kuke sha yanzu, na jikokin shanun nan ne, kuma har gobe a bayan dam ɗin suke kwana.

Saboda haka wanda ya ce ƙanwarsa na yin aikina a bayan gida, na san muryarsa, ga shi can yana lasar ludayi. Kai za ka wanke ƙwaryar yau. Ka wanke ta da kyau ka kife, da safe za a zo karɓa.